Gudumar da ta koyi aiki a jikin Fijo

Duk wanda ya taɓa kai mota Panteka a Kaduna ko wajajen Ƙofar Ruwa a Kano ya san wurin masu fanel bita tun daga nesa: ƙarar guduma a kan gwangwani, warin kabaid, da yaro ɗan shekara goma sha uku tsugune yana goga sanfefa a ƙofar mota har hannunsa ya yi fari fat. Mukan ɗauka sana'ar haka take tun fil azal. Alhali abin da ake koya wa yaron nan ya sha canzawa, kuma jikin motar ne ke canza shi.

Motocin farko a Turai da Amurka masu ƙera keken doki ne suka yi musu jiki. Sai su haɗa ƙashin da katako, sannan su bubbuga fallen ƙarfe da hannu har ya ɗauki siffa, su lulluɓe. Daga bugun nan sunan sana'ar ya samo asali. A 1912 Edward Budd ya kafa kamfani a Filadelfiya yana matse ƙarfe da manyan injina, kuma ba a jima ba kamfanin Dodge ya fara sayen bodi na ƙarfe zalla a wurinsa. Da inji ya ƙwace ƙirar sabon bodi, masu guduma suka koma gyaran wanda ya lotse.

A ƙasarmu labarin ya ɗan bambanta. Manyan motoci sukan iso ne da inji da shasi kawai, kafintoci su gina musu bodin katako, mai fenti ya zo ya zana zaki ko dawisu ya rubuta karin magana a baya. Har yau irinsu na ɗauko shanu da albasa zuwa Kudu. Makanikai da masu gyaran bodi na farko kuwa a ma'aikatun gwamnatin Turawa da garejojin kamfanoni irin su UAC da CFAO da SCOA suka koya, daga nan aikin ya fita bakin titi.

Akwai abin da ba mu cika lura da shi ba a nan. Ƙira da jima da rini da dukanci duk gado ne a ƙasar Hausa. Ɗan maƙeri ne ke zama maƙeri, har da sarautarsu. Gareji bai zo da wannan ba. Ba wanda ya gaji mota a wajen kakansa, saboda haka ɗan manomi da ɗan malam da maraya duk ƙofa a buɗe take. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai wa oga, ya ce ga amana, shi ke nan, ba takarda ba jarrabawa. Yaro ya fara da aike da sharar gareji da kwance noti, sai sanfefa, sai kwaɓa fila, kuma sai ya daɗe kafin a bar shi ya riƙe wutar walda. Ranar yaye a yi walima, oga ya sa albarka.

Zamanin da wannan tsari ya fi dacewa da motar da ke kan titi shi ne zamanin Fijo. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar alhaji. Yaron da ya san ƙofarta da bonet ɗinta da lanƙwasar gefenta ya san rabin motocin garinsu. Ƙarfenta kuma mai haƙuri ne. Oga zai tokare lotsawar ta baya da dunƙulen ƙarfe, ya bi ta gaba da guduma a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Inda ƙarfen ya miƙe ya yi tozo, sai ya gasa wurin da wuta har ya yi ja, ya ɗan daddanna, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ƙarfen ya tsuke ya koma. Ba ya yarda da ido. Tafin hannu yake shafawa, wani ma har ya kau da kai. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Sai 1986 ta zo da tsarin SAP na gwamnatin Babangida. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin Beljiyam suka fara kwararowa ta Legas da Kwatano. Daga baya aka ƙara da waɗanda suka yi hatsari a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu. Aiki ya yawaita, amma kowace mota da halinta, kuma mai ita sauri yake so da araha. Nan bodi fila ta samu sarauta. An yi ta ne don a shafa siririya a rufe ɗan abin da guduma ta bari, sai ta koma kamar yaɓen ɗaki. Shi ya sa mai wayo ke zuwa sayen mota da maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne. Gwamnati ta kafa NDE a wannan tsakanin don tura matasa koyon sana'a, aka kafa hukumar jarrabawa ta NABTEB a 1992, ga kuma tiret-tes na ma'aikatar ƙwadago. Duk da haka mafi yawan masu fanel bita a gindin oga suke koya.

Yaɓen fila munin aiki ne kawai. Abin da ya fi damunmu yana can ciki. Tun shekarun 1950 wani injiniyan Mercedes, Béla Barényi, ya kawo dabarar a bar gaba da bayan mota su murƙushe da gangan, su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja ya tsaya daram. Motocin yau a kan wannan aka gina su. Ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi ana yin su da ƙarfe mai tauri na musamman wanda zafi ke lalata ƙarfinsa, kuma masu ƙera motocin sukan ce canza shi za a yi. Wato gashin nan da jiƙaƙƙen tsumma, da ya zama gwaninta a jikin Fijo, a jikin sabuwar mota yana iya barin ginshiƙi a miƙe, fenti na sheƙi, amma ran da aka sake karo ya naɗe kamar gwangwanin madara. Balle a zo ga yanka motoci biyu a haɗa gaban wannan da bayan waccan, ko a rufe gurbin jakar iska babu komai a ciki. Oga bai yi da mugunta ba sau da yawa. Abin da ya koya yake yi, kuma a da daidai ne.

Mu da muke rubuta manhaja mun san irin wannan kuskure, wanda ba ya nuna alama, komai na tafiya lafiya amma amsar karkatacciya ce. Yanzu ya shigo gareji. Motoci da yawa suna da na'urar rada a bayan bamba da kyamara a bayan gilashin gaba. Idan aka mayar da bamba rada ta karkace da digiri 1 tak, a nisan mita 100 ta kauce da kusan mita 1.7, rabin layin titi ke nan. Tafin hannu ba ya jin wannan. Sai an saita da kwamfuta. Ga kuma alminiyam, da Ford ta yi wa F-150 bodi da shi daga 2015, wanda ke son kayan aikinsa daban.

Bayanan gyaran waɗannan motoci da Turanci suke, a intanet, da yawansu sai an biya. A garejin da muke kai tamu motar, ogan ya haura sittin, kuma ba mu taɓa ganin hannu irin nasa ba. Kwanaki aka kawo masa wata Honda da gefenta ya shige. Ya zagaya ta sau biyu, bai ɗauki guduma ba. Sai ya ƙwala wa ƙaramin yaransa kira, wanda ke zuwa gareji bayan an tashi daga sakandare.

"Kai, zo da wayar nan taka. Duba min wane irin ƙarfe ne a nan."

"To, Oga."

Yaron ya goge hannunsa a wando, ya tsuguna kusa da shi.