Masu Bin Nasabar Ƙwan Kan Hanya

A cikin shekarar 1968 Miladiyya, a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, wani dillalin motoci mai suna Ray Olecko, wanda ya riga ya gwada basirarsa wajen ƙera tankin masai da zaren gilashi, ya haɗa kai da wani gwanin mazubi, Sandor Dusa, suka fito da ɗan ɗakin tafi-da-gidanka mai tsawon ƙafa 13, wanda ko ƙaramar mota za ta ja shi ba tare da ta galabaita ba, suka raɗa masa suna Boler. Hikimar abin ita ce, maimakon katako da kwano waɗanda ruwa ke bi ta mahaɗarsu, sai aka zuba jikin kashi biyu kacal, aka kifa na sama a kan na ƙasa kamar ƙwarya da murfinta, aka zagaye tsakiya da ɗamara. Saboda wannan siffa ma'abotansa suke kiransa ƙwai.

Da man fetur ya yi tsada a 1973, jama'a suka koma ga ƙananan motoci, sai kasuwar ƙwai ta buɗe. Trillium ya riga ya bayyana a lardin Ontario, Scamp ya kafu a garin Backus na jihar Minnesota ta Amurka, daga bisani Burro da Casita suka biyo, har kamfanin U-Haul ma ya ƙera nasa domin haya. Boler kuwa, an daina yin sa a 1988.

To, daga nan ne wata jama'a ta taso, waɗanda nishaɗinsu shi ne su hango tsohon ƙwai a bayan gida ko a gefen hanya su tantance asalinsa, kuma a ganina sha'awar tasu ta fi kusa da ilmin nasaba, domin da yake wasu kamfanonin sun gaji siffa daga wasu, kamannin sun yi yawa ƙwarai, sai mai zurfin nazari ke rarrabewa. Alama ta farko ita ce mahaɗa: in ta kwanta ta zagaye ciki, zuriyar Boler ce ko makamanciyarta, in kuwa ta miƙe ta raba dama da hagu, Burro ne ko U-Haul. Bayan haka sai a dubi tagogi, da ƙofa, da kusurwoyi, domin na Trillium sun fi tashi. Bahasi kan yi zafi a tsakaninsu, wani lokaci a kan fitilar baya kawai, abin da mai wucewa zai ɗauka wauta ce.

A watan Agusta na 2018 ɗaruruwan waɗannan ɗakuna suka hallara a Winnipeg domin cikar Boler shekara 50, galibinsu jikinsu garau, domin zaren gilashi ba ya ruɓewa. Ƙarfen ƙasa da katakon daɓe su ne ke cin amana, shi ya sa masanin gaske, kafin ya yaba fenti, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi tukuna.