Taken Jarumi a Fim Mai Ci Gaba: Kiɗan Okestira, Kiɗan Fada da Kunnen Mai Kallo a Ƙasar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda makaɗan fina-finan ƙagen kimiyya suke ɗaure kashi na biyu da na farko ta hanyar keɓe wa jarumi ko mugu wani guntun kiɗa da za a riƙa gane shi da shi, ta kuma kwatanta dabarar da tsarin take na kiɗan Hausa. An bi hanyar saurare da kwatance, tare da waiwayar ayyukan magabata. An ɗauki ƙasar Gumel a matsayin farfajiyar nazari saboda fadarta da kuma iyakar Maigatari. Maƙalar ta gano cewa mai kallo Bahaushe ya riga ya mallaki kunnen da wannan dabara take bukata, amma fim ɗin Hausa bai ci moriyarsa ba.

Gabatarwa

Masarautar Gumel ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa ta wajen tsakiyar ƙarni na 18, kuma ta daɗe tana jingine da Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A bakin iyakarta da Nijar ne kasuwar Maigatari take ci duk ranar Alhamis, a nan kuma aka kafa yankin ciniki maras shinge a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Hanyar da raƙuma da shanu suke shigowa daga wajen Damagaram ita ce hanyar da fina-finai suke fita, da can a kaset da faifai, yanzu a memorin waya ta hannun masu turi. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, aka buɗe a Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Rufewar ta fi taɓa buhu da dabba a kan fim, domin abin da ke cikin waya ba ya tsayawa a shingen kwastan. Saboda haka matashin wannan yanki yana jin kiɗa iri uku: busar fada a ranar hawa, fiyanon fim ɗin Kano, da kiɗan fina-finan Indiya da na Amurka da aka yi wa fassara.

Yadda okestira take ɗaure kashi biyu

Okestira taron makaɗa ne da kan kai mutum 70 zuwa 100, sun kasu gida huɗu: masu tsirkiya, masu busar itace, masu busar tagulla, da masu bugawa. A Star Wars na 1977, John Williams ya ba manyan 'yan wasa da ra'ayoyin labarin karin sauti nasu, dabarar da aka fi danganta ta da Richard Wagner na Jamus. Da aka zo kashi na biyu, The Empire Strikes Back, a 1980, wanda makaɗan London Symphony Orchestra suka kaɗa, sai ya riƙe tsoffin karin domin mai kallo ya san gida ɗaya ake, ya kuma ƙirƙiro sababbi. Mafi shahara shi ne taken mugun labarin, Darth Vader, taken da babu shi a kashi na farko. Ƙahonin tagulla ne suke ɗauke da shi bisa bugu mai nauyi irin na tafiyar soja. Inda gwanintar take shi ne a kashi na uku, Return of the Jedi na 1983: lokacin da Vader yake mutuwa, wannan karin dai aka kaɗa, amma a hankali, a kan tsirkiya mai taushi. Mai kallo ya ji mulkin ya kwanta tun kafin a faɗa masa.

Iyakar maimaitawa ma abin muhawara ce. Hans Zimmer ya ci kyautar Oscar da kiɗan Dune na 2021, amma aka hana kiɗan Dune: Part Two na 2024 shiga takara, saboda ƙa'idar da ta ce fim mai ci gaba kada ya ɗebo fiye da kashi 20 cikin 100 na kiɗansa daga na baya. A ganina ƙa'idar ta auna abin da ba shi ne ma'auni ba. Aikin makaɗin kashi na biyu shi ne ya dawo da abin da aka sani cikin sabon hali, kuma wannan ya fi ƙirƙirar sabo wuya.

Take a kiɗan Hausa

Ames da King (1971) sun tattara kayan kiɗan Hausa da muhallinsu, Besmer ya nazarci makaɗan fadar Kano da kuma na bori (1983), Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da Hausa. Daga ayyukansu, da abin da kowane ɗan ƙasa ya sani, take ba na sarki kaɗai ba ne. Ɗan dambe yana da nasa a kalangu, da zarar an kaɗa shi sai ya zabura. Manomi yana da nasa a gangar noma. A bori kowane iska da kiɗansa a garaya ko goge, masu abin kuma suna gane wanda ake kira tun kafin a ambaci suna. A fada abin ya fi tsari: tambari da kakaki na sarki ne, algaita da ganga suna tafiya da hakimai, kotso da taushi na mawaƙan fada ne irin su Narambaɗa da Sarkin Taushin Katsina. Wanda yake can bayan taro a ranar hawan salla, bai ga doki ba bai ga laima ba, yana sanin wanda ya iso daga busa.

Aikin da Williams ya ba ƙahonin tagulla ke nan: sanar da isowa, nuna matsayi, tsorata abokin gaba. Amma akwai bambanci babba wanda duk mai son aro daga wannan ɓangare zuwa wancan ya kamata ya lura da shi. Taken Hausa magana ce. Kakaki da kalangu suna bin hawa da saukar muryar kirari, mai saurare kuma yana jin kalmomin a cikin sautin. Makaɗin okestira yana da damar murɗa karinsa, ya juya shi, ya sauya masa hawa da sauka, ya kasance dai ana gane shi. Idan aka yi wa take haka, maganar ta ɓaci, wataƙila ma ta koma wata magana. Abin da za a iya sauyawa a take shi ne sauri, da ƙarfi, da nisa, da kayan da aka kaɗa shi. Taken da aka busa da kakaki a kashi na farko, ranar da jarumi yake kan ganiyarsa, ana iya kaɗa shi da gurmi shi kaɗai a kashi na biyu bayan ya rasa komai. Maganar tana nan, halin ne ya sauya, kuma ribar ta fi ta okestira, domin mai kallo yana jin kirarin da kansa yana kuma ganin mai kirarin a ƙasa.

Bambanci na biyu na hurumi ne. Take yana da mai shi. Ba daidai ba ne a ɗauki taken Sarkin Gumel ko na wani hakimi a liƙa wa ɗan wasa, balle mugu. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar, a ƙirƙiri sabon kirari ga sabon jarumi, a ba makaɗi ya ɗora shi a kan kayansa.

Inda fim ɗin Hausa ya tsaya

Tun daga Turmin Danya na 1990, fim ɗin Hausa ya rayu ne a kan ci gaba: na ɗaya da na biyu a zamanin kaset, yanzu kuma zango bayan zango a shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So. Babu masana'antar da ta fi wannan bukatar abin da zai ɗaure kashi da kashi. Sai dai tarihin kiɗanta ya bi wata hanya. Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda fiyanon Yamaha ya zama ginshiƙin sautin masana'antar a ƙarshen shekarun 1990, musamman a situdiyon Iyan-Tama da ke Kano, da yadda Sangaya na 1999 ya kafa salon da aka bi shekara da shekaru. Labarin Sangaya a gidan sarauta yake, amma waƙar fiyano ce ta sayar da shi. Darasin da furodusoshi suka ɗauka ke nan: kuɗi a zuba su a waƙa, kiɗan da ke ƙarƙashin magana kuma a bar wa mai tace hoto ya cike da abin da ya samu.

Larkin (1997) ya yi bayanin daɗewar fim ɗin Indiya a zukatan Hausawa, amma rabi aka kwaikwayo. A Krrish na 2006, ci gaban Koi... Mil Gaya na 2003, Rajesh Roshan ne ya yi waƙoƙi, Salim da Sulaiman kuma suka yi kiɗan ƙarƙashin labari. Aiki biyu ne da ma'aikata daban. A Kano an ɗauki na farkon an bar na biyun. Har a fassara, sau da yawa muryar mai fassara takan danne kiɗan, ya zama mai kallo ya san labarin Krrish sarai ba tare da ya taɓa jin sautinsa yadda aka yi shi ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafi na'ura. Ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, don haka rugugin da Zimmer ya gina wa manyan gidajen sinima yakan ɓace a wayar da ake kallo da ita a rumfar kasuwa. Abin da yake tsira shi ne sauti mai tsini. Algaita da kalangu da sarewa a nan suke zaune. An ƙera su ne domin su keta hayaniyar fili. Shi kansa Zimmer, da yake neman sautin duniyar sahara ta Dune, ya kauce wa okestira yadda aka saba da ita, ya nemi muryoyin mata da duduk na Armeniya, wanda ɗan'uwan algaita ne ta fuskar bakin busa. Abin da ya je nema nesa yana nan a ƙofar fadar Gumel.

Ba za a ce Hausa ba ta da labarin da zai ɗauki irin wannan kiɗa ba. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, inda yaro ya yi tafiya sararin samaniya tare da baƙo daga wata duniya. Duk ranar da aka mayar da irinsa fim, ba sai an tara makaɗa 80 ba. Mai algaita ɗaya, mai ganga biyu, mai gurmi da mai goge, tare da fiyano a matsayin shimfiɗa, sun isa, muddin an biya su an kuma rubuta sunayensu.

Matsalar gaggawa ita ce masu busar suna tsufa, 'ya'yansu da yawa kuma sun kama wasu sana'o'i, saboda ƙasƙancin da al'umma ta daɗe tana jingina wa roƙo. Ina kira ga Kwalejin Ilimi ta Gumel da majalisar masarauta su haɗa hannu su naɗi taken sarki da na hakiman Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kowanne da kirarin da yake faɗa da sunan mai busa shi, a ajiye inda ɗalibi da makaɗin fim za su iya zuwa su saurara.