Sanin Iyakar Murya: Nazari a kan Rayuwa da Waƙar Alfredo Kraus (1927–1999)

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rayuwar Alfredo Kraus, mawaƙin opera ɗan ƙasar Sifaniya, domin gano abin da ya sa ya shafe sama da shekara 40 yana waƙa muryarsa ba ta dusashe ba. An bi diddigin horonsa da wasannin da ya fito a ciki. Nazarin ya gano cewa sirrin yana cikin tsantseninsa wajen zaɓen abin da zai rera.

Gabatarwa

Opera wasan kwaikwayo ne da ake gudanarwa da waƙa, kuma a bisa al'ada mawaƙi ba ya amfani da lasifika. Dole muryarsa ta keta ƙarar kayan kiɗa ta isa ƙarshen zaure. Masu muryar tenor irin ta Kraus, wato muryar maza mai tashi sama, sukan ji jiki ƙwarai, shi ya sa muryar wasunsu take shaƙewa tun da sauran ƙarfinsu.

Tasowarsa

An haifi Kraus ranar 24 ga Nuwamba, 1927, a Las Palmas da ke tsibiran Kanari. Mahaifinsa ɗan asalin Ostiriya ne. Sai da ya yi karatun aikin injiniya kafin ya duƙufa ga waƙa, ya kuma ƙware a hannun Mercedes Llopart a birnin Milan. Fitowarsa ta farko a Alƙahira ce, a 1956, cikin wasan Rigoletto na Verdi. A 1958 ya rera La traviata tare da mawaƙiya Maria Callas a Lisbon. Daga nan manyan gidajen opera suka buɗe masa ƙofa: Covent Garden na Landan a 1959, La Scala na Milan a 1960, sai Metropolitan na New York a 1966.

Zaɓe da Dabara

Muryar Kraus siririya ce mai kaifi, shi kuma ya san haka. Saboda haka ya tsaya ga ayyukan Donizetti da Bellini, da na Faransawa irin su Werther na Massenet, wanda ya zama tambarinsa. Manyan wasanni masu buƙatar kakkaurar murya kuwa, kamar Otello, ya kauce musu, domin a wurinsa ɗaukar Dala ne ba gammo. Ya dogara ga sarrafa numfashi da turo sauti zuwa gaban fuska, ba tare da matsa wa maƙogwaro ba. Ribar wannan horo ta bayyana a Paris a 1986, inda yana da shekara 58 ya rera La fille du régiment, wasan da hawan muryarsa kan gagari matasa.

Kammalawa

Kraus ya koyar a makarantar kiɗa ta Reina Sofía da ke Madrid, kuma a birnin ya rasu ranar 10 ga Satumba, 1999. Tarihinsa ya nuna cewa baiwa kaɗai ba ta raya murya. Ya kamata masu horar da mawaƙa su koya wa ɗalibi gane abin da muryarsa ba za ta iya ɗauka ba, tun kafin farin jini ya ja shi ga abin da zai lalata ta.