Turanci

Tushen kalmar ɗaya ne da na Bature da Turawa da Turai. An liƙa mata ɗafin nan na -anci, wanda ke nuna harshe ko salon mutane, irin na Fulatanci da Kananci. Sai dai Turawan farko a bakin Bakano ba 'yan Ingila ba ne. Fataken Larabawa ne masu ƙetaro Sahara daga Tarabulus da Gadamus, kuma Dandalin Turawa da ke cikin birni da sunansu ake kiransa. Bayan Ingilishi sun ci Kano a 1903 sunan ya koma kansu, harshensu ya zama Turanci. A Maraɗi kuwa, idan an ce Turanci sai ka tambaya wanne, don Faransanci ma Turanci ne.

A Najeriya, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tsara a fara koyar da ɗan firamare da harshen yankinsa, Turanci ya karɓi ragama daga baya. Nan gizo ke saƙa. Yaron Shanono ba ya jin Turanci a gona ko kasuwa, sai a bakin malami, amma ba zai shiga jami'a ba sai da kiredit a cikinsa. Shi ya sa, a ganina, horar da malaman ya fi gaggawa.