Tsaka da ƙwanta a rumbunan Rumbu

Ƙasar Rumbu, wadda take cikin yankin Dakwaro kusa da kwarin Tarka, ta daɗe tana zaman makiyayar Fulani da Buzaye, kafin manoma Hausawa su hauro daga kudu a ƙarni na 20, su haƙa rijiyoyi, su kafa ɗakuna da rumbunan gero. Tun daga sa'an nan tsaka, wadda a dā ta fi fakewa a kogon itace da ƙarƙashin ɓawonsa, ta sami sabon mazauni a tsagar bango da cikin jinka.

Sha'anin haihuwarta abin lura ne, domin galibi ƙwai biyu rak take yi, farare, masu ɓawo mai tauri, saɓanin na ƙadangare mai taushi, ta ɓoye su a lungu ta tafi abinta ba tare da kwanci ba, zafin wurin ya reno su har kimanin wata biyu, sa'an nan 'ya'yan su fito su shiga farautar ƙwari.

Amma duk da sauro da garar da take ci, jama'a ba su yi mata kyakkyawan zato ba. Malamai sun riƙe hadisin da Buhari ya ruwaito, cewa ta hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahim, alaihissalamu, kuma Damiri, wanda ya rasu a 1405, ya kawo bayaninta cikin littafinsa Hayatul Hayawan. Zancen dafinta kuwa, wanda iyaye mata suke rufe tulu dominsa, camfi ne kawai, gama tsakar gida ba ta da dafi.