Baƙunta a Gida: Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Kazaure

Da yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi hanyar ɗinke ɓarakar da ya bari. A 1973 ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, ta kuma yawaita kwalejojin haɗin kai, waɗanda aka soma a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi. Cikin wannan jeri ne Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Kazaure ta samu, tun masarautar na ƙarƙashin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991.

Manufar ta siyasa ce tsagwaronta: a ware wa kowace jiha gurbi, a haɗa yara a ɗakin kwana guda, har sabo ya rinjayi zargi. Sai dai nauyin wannan buri ya faɗa ne a kan yarinya 'yar shekara 11 ko 12. Wadda ta taso daga Kudu ta tarar da hunturu da tuwo da harshen da ba ta ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, 'yar Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura ma baƙuwa ce. Garin nata ne, amma da ta ƙetare ƙofar makaranta Turanci ke mulki, kuma takwarorinta na Legas sun riga ta gogewa da shi. Ga gorin cewa kason jiha ne ya shigo da ita, ba maki ba. In ta koma gida hutu kuma, sai a ce boko ya sauya ta.

A nan ne hikimar tsarin take. Tunda babu wadda ta tsira daga baƙunta, kowace sai da ta sassauta: wannan ta gane dalilin sahur, waccan ta san muhimmancin safiyar Lahadi.

Yau wannan gado na cikin haɗari. Harin kwalejin tarayya ta Buni Yadi a 2014 da sace ɗaliban ta Birnin Yauri a 2021 sun sa iyaye da dama fargabar tura 'ya'yansu nesa. Idan kwalejin haɗin kai ta koma ta 'yan yanki ɗaya, ɗaliba za ta saje cikin sauƙi, amma ƙasa ta yi asarar abin da ta gina makarantar dominsa.