Tarihin Wani Gidan Tsafi Da Aka Gina A Kan Takarda

Duk wanda ya saba sauraron rubuce-rubucen da sababbin marubuta kan kawo wurin taron karatu, musamman masu labaran jarumta da yaƙi, ya san kamannin gidan mugun matsafi tun kafin a kai shi can: kogo mai duhu, ƙoƙunan kan mutane a jere, jini a ƙwarya, sai wani tsoho mai jajayen idanu yana ɓaɓɓaka dariya. Jarumi ya shiga, ya sare shi, ya fito. Mun shiga irin wannan kogo ya fi a ƙirga, amma ko sau ɗaya tsikar jikinmu ba ta tashi ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa 'yan uwa tarihin wani gidan tsafi da aka ƙaga a ƙasar Amurka, wanda ba domin littafin hira aka ƙaga shi ba, domin wasa aka yi shi.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi cikin 1974, kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga. Yadda ake yinsa shi ne, mutane kamar biyar ko shida su kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi ɗaya, wani mayaƙi, wani mai sihiri, wani ɓarawo. Mutum ɗaya shi ne mai jan labari, yana riƙe da taswirar da sauran ba sa gani. Shi zai ce musu ga ƙofa a gabanku, su kuma su faɗi abin da za su yi, sannan a jefa 'ya'yan lido masu fuskoki da yawa a ga ko sun dace. To a nan ne aikin mai tsara wasa ya fi na marubuci wuya. Marubuci yana riƙe da linzamin jaruminsa, inda ya so nan zai bi. Shi kuwa mai tsara wasa bai san ƙofar da za a buɗe ba, saboda haka tilas ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, da dalilin zamansa a wurin.

Cikin 1979 Gygax ya fitar da wani ɗan littafi mai suna The Village of Hommlet, wato Ƙauyen Hommlet, a matsayin kashi na farko na labarin gidan tsafin. Abin mamaki, ba a taka gidan tsafin a cikinsa ko kaɗan. Ƙauye ne kawai, an zana shi gida-gida, an ba kowane gida lamba, an faɗi mai gidan da sana'arsa da addinin da yake bi, har da inda yake ɓoye 'yan kuɗinsa. Daga bakin mutanen ƙauyen ne baƙo zai ji cewa wajen shekara goma da suka wuce an gwabza yaƙi a filin Emridy, rundunar sarakunan yankin ta murƙushe mayaƙan gidan tsafin, aka rufe ƙofofinsa da sarƙa da hatimin sihiri. Kowa na cewa magana ta ƙare, alhali kuwa 'yan fashi sun soma dawowa kan hanya, kuma 'yan tiredar nan biyu da baƙo ke sayen igiya da fitila a wurinsu 'yan leƙen asirin gidan tsafin ne. A bayan gari akwai wani kango mai gwalalo, manyan kwaɗi masu haɗiye mutum na tsaron bakinsa, a ƙarƙashinsa kuma matsafi na zaune. Ba tsoho mai jajayen idanu ba ne. Saurayi ne kyakkyawa mai suna Lareth, wanda kyan nasa ma shi ne laƙabinsa.

A ganinmu nan ne gwanintar take. Kafin mai wasa ya hango ko rufin gidan tsafin, ya riga ya ci abinci da masu yi masa aiki, ya kuma san sunayen waɗanda za a yanka idan abin ya farfaɗo.

An yi alkawarin kashi na biyu zai biyo baya, amma masu wasa suka yi ta jiran gawon shanu har shekara shida. Harkokin kamfani sun sha kan Gygax, ya kuma tafi Holiwud neman a mai da wasan fim, inda aka samu shirin zanen yara da aka soma nunawa a talabijin cikin 1983. Daga ƙarshe Frank Mentzer ne ya karɓi rubuce-rubucensa ya kammala, littafin ya fito cikin 1985 da sunan The Temple of Elemental Evil, shafi 128, ban da ɗan littafin taswirori. Mu da muke koyarwa mun san irin takardar da ake irin wannan zane a kai, ita ce mai gidaje-gidajen nan da ɗalibai ke aikin lissafi da ita.

Tsarin ginin shi ne abin lura. A sama kango ne, a ƙasa kuma hawa huɗu, kowane na ƙarƙashin wani. Matsafan ba tsintsiya ɗaya ba ne. Sun kasu huɗu, masu bautar ƙasa, da iska, da wuta, da ruwa, kowane ɓangare da shugabansa da kalar tufafinsa da dakarunsa, kuma kowane na neman ganin bayan ɗan uwansa domin ya samu fada wurin babban matsafi Hedrack. Saboda haka mai wasa mai wayo ba sai ya yaƙi kowa ba. Yana iya sa rigar wannan ɓangare ya shiga, ya karɓi kwangilar kashe wancan, ya bar su su cinye junansu. Can ƙasa kuma akwai Zuggtmoy, aljana sarauniyar fumfuna da naman kaza, wadda mayaƙan da suka ci yaƙin farko suka ɗaure da hatiman ƙofofin nan. Wato ƙofar da jarumi ke gani ta tare masa hanya, ita ce ke tsare duniya daga abin da ke ciki. Haka nan akwai wani akwatin gawa da aka kwantar da Yarima Thrommel, jarumin yaƙin Emridy da aka sace, an lulluɓe shi da sihiri ya yi kama da mashayin jini, ta yadda mai gaggawa zai kashe wanda ya kamata ya ceta da hannunsa.

Ba za mu ce littafin ba shi da aibu ba. Wasu sassan na ƙasa ɗaki ne bayan ɗaki, dakaru bayan dakaru, har mai karatu ya ƙosa, kuma da gani an san hannu biyu ne suka yi aikin. Ƙauyen ya fi gidan tsafin rai nesa ba kusa ba.

Shekarar da ya fito ba ta yi wa mai shi daɗi ba. A lokacin wasu iyaye da masu wa'azi a Amurka sun taso wasan a gaba da zargin yana koya wa yara tsafi, zargin da marubutanmu ma sun san ɗan uwansa, wato a ce wanda ya siffanta ɓarna shi ne ya koyar da ita. Kafin 1985 ta ƙare Gygax ya rasa ikon kamfanin da ya kafa, kuma a bugu na biyu na dokokin wasan cikin 1989 aka cire sunayen shaiɗanu aka sa wasu ƙagaggun sunaye a madadinsu. Duk da haka gidan tsafin bai rushe ba. Monte Cook ya rubuta ci gabansa cikin 2001, aka mai da shi wasan kwamfuta cikin 2003, sannan cikin 2004 mujallar Dungeon ta sa shi na huɗu a jerin labaran wasan da suka fi fice. Gygax ya rasu cikin 2008.

Tun kafin a buga littafin, Gygax ya gwada gidan tsafin a kan teburinsa da abokansa. Ɗaya daga cikinsu, Rob Kuntz, ya shiga da jaruminsa mai suna Robilar, ya yi ta kutsawa yana ɓalle abin da ya tare shi, har ya saki Zuggtmoy da aka sha wuya kafin a ɗaure. Mai jan labarin bai hana shi ba. Sai dai ya turo rundunar mutanen kirki ta bi sawun Robilar har gidansa, ta kore shi daga ciki.